WA ZAI BI SAWUN YARAN DALMA? JAWABIN BAƘO MAI JAWABI A BIKIN CIKAR IKILISIYA SHEKARA 50

  Waɗanda suka taso daga Gummi da Daki Takwas, da na Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, da na ƙauyukan Anka, duk mun san yadda hanya take a wannan zamani, saboda haka gaisuwarku ta musamman ce.

Da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takardar gayyata, an rubuta cewa in yi wa matasa magana a kan aikin yi. Na san abin da iyaye da yawa suke so su ji, wato yadda yaro zai zama likita ko lauya ko babban jami'in gwamnati. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan wani aiki da ba a cika ambatonsa a gidajenmu ba, shi ne aikin binciken lafiyar mata masu juna biyu da jarirai da ƙananan yara, irin wanda malaman jami'a da na asibitocin koyarwa suke yi. Ban zaɓe shi don burgewa ba. Na zaɓe shi ne domin ƙasarmu ta nan ta riga ta biya farashin rashin masu wannan aiki, kuma da yawa a cikinku kun shaida da idanunku.

ABIN DA YA FARU A 2010

Ku yi mini haƙuri in tuna muku da abin da ba mai son tunawa. A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sai jijjiga, sai suma, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Kowa ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin su muka saba gani da bazara. Aka yi ta ba da maganin waɗannan cututtuka, yara ba su daina mutuwa ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka zo sa ido a kan sanƙarau, suka lura cewa wannan mutuwa ba irin wadda suka sani ba ce. Suka ɗebi jinin wasu yara aka kai ɗakin gwaji a Jamus. Sakamako ya dawo: gubar dalma.

Daga ina dalma ta fito? Kuɗin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, ya haura dala 1,000 kowace oza a 2009, mutanen ƙauye suka dukufa haƙo duwatsu. Duwatsun wannan yanki kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa tare da zinariyar. Ana kawo su cikin gida, mata su daka a turmi, ko a kai su injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yaro yake rarrafe yana sa hannu a baki. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Neman abinci ne.

A watan Mayu na wannan shekara masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ma'aikatar lafiya ta tarayya da ta jiha da matasan likitocinmu masu koyon bin diddigin annoba, suka shiga Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, gida gida, suna tambaya suna rubutawa. Abin da suka ƙirga shi ne: cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, yara 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. Cikin yara 204 masu rai da aka gwada jininsu, babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar, kuma kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da dole a ba su magani nan take. Don ku fahimci girman abin: a ma'aunin da likitoci suke amfani da shi, in jinin yaro ya nuna 10 a wancan lokaci hankali kan tashi, in ya nuna 45 sai magani. A nan akwai yaran da nasu ya haura 300. Ƙaramar na'urar gwajin da aka zo da ita ma ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, sai da masu binciken suka ƙirƙiro hanyar tsarma jinin kafin su iya sanin ainihin adadin. Ƙasar tsakar wasu gidaje ta nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta amince da ita a wuraren wasan yara a lokacin 400 ce. An kiyasta yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan annoba.

Akwai wani abu da mutanen ƙauyukan suka faɗa wa masu binciken daga baya, wanda har yau yake damuna. Sun ce tun kafin yara su fara mutuwa, agwagi sun ƙare a gari. Kowa ya ga haka, matan da suke kiwon su sun gani, amma babu mutum ɗaya a kusa da aka koya masa ya tsaya ya ce: me ya kashe agwagin nan, kuma me suke ci wanda 'ya'yanmu ma suke ci? Jama'a, wannan tambaya ita ce farkon aikin bincike. Da akwai ɗan gari guda mai wannan horo, da wataƙila an samu makonni, makonni kuwa a wancan lokaci rayuka ne.

Abin da ya biyo baya ma bincike ne ya ja masa gora. Masana suka nuna cewa ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da ya ɗauko gubar, saboda haka sai an fara kankare saman ƙasar gidaje an binne a rami mai nisa, an zuba sabuwa. Aka fara da Dareta da 'Yargalma, sannan Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin kuɗi su fito daga gwamnatin tarayya, bayan matasa sun yi ta matsa lamba. A asibitocin Bukkuyum da Anka aka buɗe wuraren jinya, ana ba yara wani magani na sha mai suna DMSA wanda yake kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Kafin wannan lokaci ba a taɓa ba yara masu yawa haka wannan magani a irin wannan tsanani ba a ko'ina a duniya. Likitocin suka rubuta komai, suka buga sakamakon yara 1,156 a 2014. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, ba a yi lalube a duhu ba, domin an riga an koya daga 'ya'yanmu. Kafin MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jihar Zamfara a farkon 2022, an gwada yara fiye da 8,000.

To, ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku, musamman iyayena mata. Dalma ba ta barin jiki gaba ɗaya. Takan shiga ƙashi ta zauna shekaru da yawa, domin jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin da yake gina ƙashi. Idan mace ta samu juna biyu, jikinta yakan ɗebo wannan sinadari daga ƙashinta don ya gina na ɗan da ke ciki, dalmar da ta kwanta sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Haka ma lokacin shayarwa. Likitoci sun san dalma tana da hannu a ɓari, da haihuwar bakwaini, da ƙaramin jariri, da hawan jini na masu ciki, tana kuma dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu ku yi lissafi da ni. Yarinyar da take da shekara 3 a Dareta a 2010, ta cika 18 a 2025. A ƙauyukanmu, mai shekara 18 ta riga ta yi aure, wata ma tana goyon na biyu. Waɗannan 'yan mata dubbai ne. Yaya cikinsu yake kasancewa? Yaya jariransu? Wa yake auna jininsu a wajen awo? Baƙin da suka zo a 2010 sun yi nasu, sun koma gidajensu, kuma rashin tsaro ya sa ko mai son zuwa ba ya iya shiga. Wanda zai bi sawun waɗannan yara sai wanda yake jin Hausar Zamfara, wanda mai gari ya san ubansa, wanda za a bari ya shiga cikin gida. Da ɗan gari akan ci gari.

Bari in ɗan ratse. Kwallin da muke sa wa jarirai a ido, irin na dutse mai ƙyalli, shi ma dalma ce. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa aka tarar kashi 82 cikin 100 dalma ne. Na san kakanninmu ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma gara in faɗa.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Kada wani ya ce wannan aiki na Turawa ne. Likita na farko daga Arewacin Najeriya, Dokta Barau Dikko, wanda aka sa wa babban asibiti sunansa a Kaduna, ɗan Wusasa ne. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, wanda shi ma ya yi karatu a Wusasa, likitan yara ne kuma malamin jami'a, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ba daga gidajen masu kuɗi suka fito ba. Makaranta suka samu, da mutanen da suka tsaya musu.

A Zariya ne kuma aka yi wani bincike da ya canza tunanin duniya game da mutuwar mata wajen haihuwa. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, daga 1976 zuwa 1979, ba su tsallake ko ɗaya ba, aka buga a 1985. Babu wata na'ura mai tsada a wannan aiki, kati ne da biro da haƙuri. Suka nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai naƙuda ta yi tsanani ake kawo su, su ne suke mutuwa ninki ba ninki. Suka nuna cewa macen da ta yi makaranta ta fi tsira nesa ba kusa ba. Har ma suka gano cewa yarinya ƙarama mai cikin fari, in aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, takan ƙara tsawo a cikin watannin cikin, wanda hakan yake rage mata haɗarin naƙuda mai wuya. Shekara 2 bayan buga wannan aiki, a 1987, aka yi babban taro a Nairobi inda ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya.

A Zariyan dai, a shekarun 1970, likitoci suka lura da matan da zuciyarsu take kumbura bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa mai yawa da kwanciya a gadon wuta lokacin jego. Shekaru da yawa bayan haka Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya sake duba maganar, ya samu cewa ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jikin matan yana da hannu shi ma. Ina ambaton wannan ne don matasa su gane cewa a wannan aiki ba a cewa magana ta ƙare don babba ya faɗa. Na baya yana da izinin sake awo.

Ga na kwanan nan. Zubar jini bayan haihuwa shi ne babban makashin mata masu jego. Matsalar ita ce ungozoma da ido take kimanta jinin, ido kuwa yana ruɗi, kafin a ankara mace ta galabaita. Aka gwada wata dabara mai sauƙi: leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki a ga adadinsa, da zarar ya kai rabin lita sai a haɗa mata dukan taimako lokaci guda, a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, da wadda ke tsayar da jini, da ƙarin ruwa, maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. An gwada a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka buga a 2023: mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Mace ce, Bahaushiya, kamar 'ya'yanmu da ke zaune can a layin mawaƙa.

Mu a Zamfara fa? A Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu an kafa wata cibiya da ta ƙidaya mutane fiye da 125,000 a 2010, tana bin haihuwa da mutuwarsu. Daga nan aka samu adadin da aka buga a 2012, cewa cikin kowace haihuwa 100,000 mata 1,049 suke rasuwa, wato kusan ɗaya cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka mutu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Nahuce tana kusa da Gusau da manyan asibitoci. Ku kwatanta da macen da naƙuda ta kama da dare a bayan Gwashi ko a ƙauyukan gulbi na Gummi, lokacin damina, hanya ba tsaro.

HANYAR SHIGA, DA WAHALARTA

Matasa, yanzu da ku nake. Ƙofar wannan aiki ba ɗaya ba ce. Akwai hanyar likita: shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a fannin mata ko na yara ko lafiyar al'umma, wanda yakan ci shekara 5 ko fiye, kuma ba a gama shi sai mutum ya yi bincike nasa ya kare shi gaban manya. Doguwar hanya ce. Amma a aikin 2010 ba likitoci kaɗai suka yi ba. Akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi, da masu gwajin jini, da masanan ƙasa da duwatsu, da masu lissafin ƙididdiga, da masu nazarin zamantakewa waɗanda suka zauna da mata suka ji dalilin da ya sa ake daka dutse a cikin gida. Yarinyar da ta fara da makarantar ungozoma a Gusau tana iya yin digirin jinya, ta yi digiri na biyu a lafiyar al'umma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ko Bayero, ta kai ga digirin digirgir. Yaron da ya iya lissafi amma yana tsoron jini, akwai wurinsa, kuma ina gaya muku ana neman irinsa ido rufe. Akwai shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a Najeriya a 2008, na shekara 2, wanda ɗalibansa suka shiga Dareta da 'Yargalma. Jami'ar Tarayya ta Gusau ta zo mana kusa tun 2013. Ikilisiyar ECWA ma tana da Jami'ar Bingham a Karu da asibitin koyarwarta a Jos, inda aka daɗe ana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, kamar yadda ake yi a Babbar Ruga ta Katsina da Danja kusa da Maraɗi.

Abin da ake bukata tun daga sakandare shi ne kimiyya da lissafi da Turanci mai kyau, domin rabin aikin rubutu ne. Za ka rubuta takardar neman kuɗin bincike, a ƙi ka, ka gyara ka sake aikawa. Za ka rubuta sakamako ka aika wa mujallar masana, wasu da ba ka sani ba su yi masa kaca-kaca, ka gyara. Da waɗannan rubuce-rubuce ake hawa daga ƙaramin malami zuwa babban malami har farfesa. Kuma kada ku yar da Hausarku. Mai binciken da bai san kunya ba, bai san cewa mai cikin fari ba za ta faɗa da bakinta tana da ciki ba, ko uwa ba za ta ƙirga ɗan farinta a gaban baƙo ba, zai koma da lambobin ƙarya yana tsammani gaskiya ce.

Ba zan ɓoye muku ba, babu arziki na gaggawa a ciki. Abokinka da ya shiga kasuwanci ko haƙar zinariya zai riga ka gina gida. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata 8. Da yawa cikin waɗanda muka horar sun tafi Ingila da Saudiyya, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, ko da yake zuciyata takan yi nauyi. Wanda ya samu damar fita karatu ya je, amma ya tafi da tambayar gida a aljihunsa.

Akwai jarabar da ta fi talauci haɗari, ita ce ƙarya. Na taɓa tura wasu matasa ƙauye da takardun tambayoyi, kwana 3 suka dawo da komai a cike tsaf. Da na duba sai na ga duk matan ƙauyen wai sun haihu a asibiti, a garin da ko ɗakin shan magani babu. Ashe a gindin wata bishiyar tsamiya suka zauna suka cike takardun da ka. Muka zubar da aikin gaba ɗaya muka sake. Da ban lura ba, da wannan ƙauye ya shiga rahoto a matsayin wanda ba ya bukatar ungozoma. Wanda ya ƙirƙiri lamba a wannan aiki, shaidar zur ya yi a kan matar da ba ta nan balle ta kare kanta.

Haka kuma dole mu faɗi dalilin da ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da masu bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, aka sa yara 200 a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa, har sai 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Tun 2007 Najeriya tana da ƙa'idojin binciken lafiya a rubuce. Duk wanda ya zo muku da sunan bincike, kuna da iko ku tambaye shi takardar izinin kwamitin ɗa'a, ya yi muku bayani da Hausa, kuma kuna da iko ku ce a'a ba tare da an hana ku magani ba. In ya cika waɗannan, ku buɗe masa ƙofa. In ɗanku ne, ya fi sauƙin tambaya, ya kuma fi jin kunyar cutar ku.

ROƘONA GA IKILISIYA

Na ga a cikin shirin bikin nan akwai gidauniyar ginin sabon ɗakin taro, kuma na sa hannu a ciki da farin ciki. Amma ina roƙon dattawa su ware wani kaso, ko na baikon Lahadi ɗaya ne a kowane wata uku, ya zama asusun karatun yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a fannin lafiya, a bi shi har ya gama, kada a sake shi a tsakiyar gulbi. Ni dai in an tambaye ni, yarinya za a fara ɗauka, domin ita ce za ta iya shiga ɗakin mai jego a kowane gida, na Kirista ko na Musulmi. Iyaye maza, na san kuɗin makaranta yana da nauyi, kuma in mai neman aure ya zo da hali, zuciya takan karkata. Ku tuna da abin da aka ƙirga a Zariya game da macen da ta yi makaranta.

Ga Zumuntar Mata kuwa, aikinku ba ya bukatar kuɗi. Ku sayi littafi mai kauri guda. Duk macen da ta samu ciki a cikinku, a rubuta: sau nawa ta je awo, ina ta haihu, wa ya karɓi haihuwar, yaya aka ƙare, uwa da ɗa. In an yi rashi a rubuta, kada a ce abin baƙin ciki ne a bar shi. A ajiye littafin da sirri a hannun mace ɗaya amintacciya. Sakataren ikilisiya ya nuna mini littattafan rajista na shekarun farko, wasu gara ta taɓa su, amma sunayen jarirai da ranakun haihuwarsu suna nan, da ƙaramar alama a gefen waɗanda ba su yi kwana ba. Wanda ya iya karanta irin wannan littafi zai gaya muku a wane wata yara suka fi mutuwa, da kuma ko abin yana raguwa. A sa su a akwatin ƙarfe. Kuma duk wata 'yarmu ko maƙwabciyarmu da ta tashi a ƙauyukan da na ambata, ko mijinta yana aikin dutse, in ta je awo ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya da bakinta, ta nemi a gwada jininta ko a tura ta inda ake gwadawa. Mijin kuma ya wanke jikinsa ya canza tufafi kafin ya shigo gida ya ɗauki yaro, kada dutse ko garinsa ya ƙetare bakin zaure.

Matasan da suke son ƙarin bayani a kan makarantu da jarrabawa, zan zauna a ofishin Fasto bayan an ci abinci, har zuwa ƙarfe 4, domin dole mu kama hanya da sauran rana. Ku zo da takardun sakamakonku in kuna da su, har da waɗanda suka faɗi lissafi, mu duba yadda za a sake.

Shugaban taro, na ci lokaci fiye da wanda aka ba ni, a gafarce ni.